Ƙaddara da Alhaki: Wa Muke Yi wa Uzuri, Wa Muke Kamawa?

Laccar da aka gabatar a Kausani, ƙaramar hukumar Wudil, jihar Kano

 

  

Ranar Talata 30 ga Nuwamba 2021, da yamma, wani kwalekwale ya tashi daga ƙauyen Badau a ƙaramar hukumar Bagwai, zai haye ruwan madatsar Watari. Mafi yawan waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne, za su taron Mauludi. An loda masa mutane fiye da ƙarfinsa, ya kife a tsakiyar ruwa. Aƙalla mutum 29 aka tsamo gawarwakinsu, yawancinsu yara ƙanana. A wannan ruwan dai, a shekarar 2008, wani jirgin ya kife da 'yan rakiyar amarya, mutane da yawa suka halaka. Tsakanin kifewar farko da ta biyu shekara 13 ne.

Duk mun san abin da ake faɗa a zaman makoki irin wannan. Kwana ne ya ƙare. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ƙaddara ta riga fata. Wanda ya faɗa wa uwar yaron da ya nutse haka, gaskiya ya faɗa, kuma ya kyauta, domin ba ta da wata igiya da za ta riƙe a wannan dare sai ita. To amma ku ɗauki wannan magana ɗaya, ku sa ta a bakin wanda ya karɓi kuɗin fito ya ci gaba da lodi yana ganin bakin jirgi ya kusa shan ruwa. Ku sa ta a bakin hukumar da ta yi shekara 13 tana sane da wannan mashigi. A bakin uwa, haƙuri ce da miƙa wuya ga Ubangiji. A bakin waɗancan, rufe magana ce kada a tambaye su.

Abin da na zo da shi yau ke nan. Mun yi imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, kuma ba mai taɓa mana wannan. Amma mun karkatar da yadda muke amfani da ita. Mai iko idan ya yi sakaci, sai mu ce ƙaddara ce. Mara ƙarfi idan ya yi laifi, sai mu ce da hankalinsa ya zaɓa. Ni kuwa abin da na fahimta daga malamanmu shi ne alhaki yana bin iko ne: gwargwadon abin da ke hannunka, gwargwadon abin da za a tambaye ka.

Wannan muhawara ba yau aka fara ta ba. Tun sahabbai na raye, wani mutum a Basra, Ma'abadul Juhani, ya fara cewa babu wata ƙaddara da ta gabata, mutum shi ke ƙirƙirar aikinsa. Shi da mabiyansa aka kira Ƙadariyya. A ɗaya gefen aka sami su Jahmu ɗan Safwan, waɗanda suka ce bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan, tilasta shi ake yi. Su ne Jabariyya. Abin da ba a cika gaya wa ɗalibai ba shi ne akwai siyasa a ciki. A zamanin Banu Umayya, ra'ayin tilas ya yi wa masu mulki daɗi, domin idan komai tilas ne, to mulkinsu ma tilas ne, zaluncin gwamnoninsu ma tilas ne, talaka sai ya yi shiru. Gailan na Dimashƙa, wanda ya yi fice da ɗora wa mutum alhakin aikinsa, kashe shi aka yi a zamanin Hishamu ɗan Abdulmalik. Ban kawo wannan don in wanke aƙidar Gailan ba. Na kawo shi ne don ku ga cewa tun farko, tambayar wa ke da zaɓi tana tafiya tare da tambayar wa za a tuhuma.

Ahlus Sunna suka bi tsakiya. Imam Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu wajen shekara ta 324 bayan Hijira, ya yi bayani da abin da ya kira kasbu: Allah ne mahaliccin komai, har da ayyukan bayi, amma bawa yana da nufi da himmar da yake fuskantar aiki da su, a kansu ake ba shi lada ko a kama shi. Wasu malaman sun gamsu da wannan bayani, wasu sun ce bai warware ƙullin duka ba. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta farkon Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa an koya mana abu biyu a tare, ba a ce mu zaɓi ɗaya ba: babu abin da ke faruwa sai da sanin Allah da nufinsa, kuma an aiko manzanni domin a tsayar wa mutane hujja. Hujja kuwa ba a tsayar da ita ga wanda ba shi da zaɓi.

Ni a wurina, shaidar da ta fi ƙarfi tana cikin fiƙihu. Shari'a ta ɗauke alƙalami daga kan yaro har ya balaga, da mai barci har ya farka, da mahaukaci har ya warke. Ta bambanta kisan ganganci da na kuskure. Ta yi rangwame ga wanda aka tilasta. Da a ce mutum ba shi da zaɓi, da duk wannan rarrabewa ba ta da ma'ana. Da kuma a ce kowa zaɓinsa cikakke ne daidai da na kowa, da ba a yi wa kowa rangwame ba. Sannan ku lura da wani abu: ko a kisan kuskure, inda babu niyya, ba a ce ƙaddara ce a tashi ba. Akwai diyya, akwai kaffara. Malaman Malikiyya sun ɗora wa masu sana'a, irin su maɗinki da marini, biyan kayan mutane da suka lalace a hannunsu. Wanda ya yi wa mutum magani alhali bai san magani ba, ya cutar da shi, shi ma an ce ya biya. Waɗannan malamai sun fi mu imani da ƙaddara, amma ba su taɓa mayar da ita dalilin yafe wa mai sakaci ba.

Labarin da ya fi kowane fito da wannan fili shi ne na Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, a hanyarsa ta zuwa Sham. Ya isa wani wuri da ake kira Sargu, sai shugabannin runduna suka tarye shi da labarin annoba ta ɓarke, wadda aka sani da annobar Amwas. Ya yi shawara da Muhajirai, suka rabu biyu. Ya yi da Ansar, su ma haka. Ya yi da dattawan Ƙuraishawa, suka ce ya koma da mutane. Da ya yanke shawarar komawa, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah zai yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misalin makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa, ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kora su. Ku da kuke hulɗa da Fulani kowace Juma'a a karar Wudil, kun san babu makiyayin da zai kai shanunsa faƙo ya ce tawakkali yake yi. Daga baya Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana fita daga cikinsa. Abu Ubaida ya zauna tare da rundunarsa, annobar ta yi ajalinsa. Ba wanda ya zarge shi, ba kuma wanda ya ce imanin Umar ya yi rauni. Umar shugaba ne, rayukan waɗanda ke tare da shi amana ce a wuyansa, ya yi abin da mai amana zai yi.

Malamai irin su Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, da suke sharhin hadisin muhawarar Annabi Adamu da Annabi Musa, sun fitar da ƙa'ida mai amfani: ana kafa hujja da ƙaddara a kan musibar da ta riga ta auku, ba a kafa ta a kan laifin da mutum yake cikin yi ko yake shirin maimaitawa. Wanda gobara ta cinye rumbunsa ya ce Allah ya ƙaddara, ya yi daidai. Wanda yake ajiye jarkokin fetur a ɗakin da yara ke kwana, aka yi masa magana ya ce abin da Allah ya rubuta ba makawa, wannan ya ɗora wa Ubangiji ragwancinsa ne.

Ɗalibanmu na jami'a za su ce akwai wata sabuwar Jabariyya da ta fito daga ɗakin gwaji. Haka ne. A 1983 wani masani a Amurka, Benjamin Libet, ya auna ƙwaƙwalwar mutane yayin da suke motsa yatsa lokacin da suka ga dama. Ya ga alamar shiri tana bayyana a ƙwaƙwalwa wajen rabin daƙiƙa kafin motsin, tun kafin mutum ya ji a ransa cewa ya yi niyya. Wasu suka ce shi ke nan, ƙwaƙwalwa ce ke yanke hukunci, mutum labari kawai ake ba shi. A 2023 Robert Sapolsky ya fitar da littafi sukutum yana cewa babu zaɓi sam, duk abin da mutum ya yi gado ne da tarbiyya da yunwa da tsoro da sinadaran jiki suka haifar. Ban yarda da inda suka tsaya ba. Motsa yatsa ba shi ne yanke shawarar aurar da 'ya ko sayar da gona ba, abin da mutum ke kwana yana juyawa, ya nemi shawara, ya yi istihara, ya fasa, ya dawo. Masana da yawa ma sun sake duba gwajin Libet sun ba shi wata fassarar. Amma akwai abin da na karɓa daga gare su hannu biyu: zaɓi yana da faɗi yana da ƙunci. Yaron da ya tashi da tamowa, bai sami abinci mai gina jiki ba a shekarunsa biyu na farko, ƙwaƙwalwarsa ba ta ginu kamar ta ɗan'uwansa da ya ƙoshi ba. Wanda ƙwaya ta kama, ƙofar fitarsa ta fi ta wanda bai taɓa sha ba ƙunci. Duka suna da zaɓi, amma ba fili ɗaya aka ba su ba.

Wannan ma Umar ya riga su. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa bayin Haɗibu ɗan Abi Balta'a sun saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka. Aka kai ƙara, Umar ya ba da umarnin a yanke hannuwansu, sai ya dakata, ya juya kan ubangidansu ya tuhume shi da barin su da yunwa. Ya tambayi mai taguwa kuɗinta, ya ce dirhami 400. Umar ya sa ubangidan ya biya 800. Imam Malik ya yi bayanin cewa aikin mutanen Madina bai tafi a kan ninka kuɗin ba, wannan gaskiya ne, sai a faɗa. Amma ku dubi inda idon Umar ya tafi. An kawo masa ɓarayi da hujja a fili, shi kuwa ya nemi wanda ya ƙuntata musu zaɓi har sata ta zame musu hanya. A shekarar fari da yunwa ta zamaninsa ma ya dakatar da haddin sata.

Yanzu mu dawo gida. Yaro ɗan shekara 7 aka sa shi a mota aka kai shi birni da allo da roba. Bai zaɓi garin ba, bai zaɓi malamin ba, bai zaɓi kwana a kango ba. Idan an yi maganar halin da yake ciki, sai a ce haka Allah ya tsara masa, kowa da rabonsa. Shekara 10 bayan haka, idan aka kama shi da wuƙa ya yi ƙwacen waya a Kano, babu mai ambaton ƙaddara. A ranar kowa ya zama ɗan Ƙadariyya: da gangan ya yi, a kashe shi a wurin. Kada a fahimce ni a karkace. Wanda ya soki ɗan mutane saboda waya ya yi babban laifi, kotu ta hukunta shi, kuma jinin wanda aka kashe ba ya faɗuwa don wanda ya kashe shi ya sha wahala yana yaro. Abin da nake tambaya shi ne ina sauran masu alhakin? Ina uban da ya haifa ya sallama? Ina mai shagon da ya sayar masa da ƙwaya? Sai da BBC ta fitar da bincikenta a 2018 kafin gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, alhali duk wata uwa a Kano ta riga ta san abin da kwalbar nan ke yi wa 'ya'ya.

A Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, daren 15 ga Oktoba 2024, tankar mai ta faɗi, mutane suka fito kwasar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Na ji masu cewa kwaɗayi ne ya kashe su, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. I, an sha gargaɗi a kan kwasar mai, kuma wanda ya tafi da bokiti da ƙafarsa ya tafi. Amma a lokacin litar fetur ta kai naira 1,000. Mai gyaran hanya, da mai tankar, da mai duba lafiyar mota, da waɗanda suka tsara yadda za a cire tallafi ba tare da tanadin abin da zai sauƙaƙa wa talaka ba, duk filin zaɓinsu ya fi na saurayin da ya ga jarka ɗaya za ta ciyar da gidansu kwanaki.

Ga ɗaya gefen kuma. A 2017 sanƙarau ya ɓarke, ya fi tsanani a Zamfara. Gwamnan jihar na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya danganta annobar da zunuban mutane, musamman zina. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito a wani taro a Kaduna ya ƙi wannan magana, ya ce abin da ake bukata shi ne a nemo allurar rigakafi. Ina ganin Sarki ya yi daidai, kuma dalilina na addini ne. Wa'azi a kan zunubi yana da wurinsa, aikin malamai ne. Amma mutumin da baitulmali ke hannunsa, idan yara suna mutuwa, tambayar da ke kansa ita ce me ya saya, yaushe ya saya, ina ya kai. Jariri ɗan wata 8 bai yi zunubin kowa ba.

Akwai misalin da ya fi waɗannan wuya, domin mu kanmu muna ciki, kuma masu niyyar kirki ne suka yi kuskuren. A 1996, lokacin wata babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Da wannan tabo a zuciya aka shiga 2003, lokacin da jita-jita ta yaɗu cewa allurar shan inna tana hana haihuwa. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin, ba a dawo da shi ba sai a Yulin 2004, bayan an kawo magani daga Indunusiya. Cikin wannan tsakani cutar ta bazu, ta haura ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita. A 2006 yaran da ta kama a Nijeriya sun haura 1,000. Uban da ya ɓoye ɗansa a bayan ɗaki don kada a ɗiga masa, son ɗan yake yi, kuma tsoronsa yana da tushe. Ba zan ɗora masa nauyi daidai da na wanda ya yi gwajin 1996 ba, ko na mai ilmin da ya hau mumbari ya yaɗa abin da bai tabbatar ba. Amma yaron da ya shanye, ya shanye, yana nan yana jan gindi a bakin titi, an ce masa ƙaddararsa ce.

Ku dubi kuma yadda aka fita. Sarakuna suka shigo, Mai alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da marigayi Sarki Ado Bayero suka sa baki, dagatai da masu unguwanni suka bi gida-gida, limamai suka yi bayani. Mata masu ɗiga magani suka yi ta yawo cikin rana, har aka harbe 9 daga cikinsu a Kano a Fabrairun 2013, sauran ba su daina ba. Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji ta kama a jihar Kano, a nan maƙwabtanmu Sumaila ne, a Yulin 2014. Ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. Shanyewar yaran 2006 da ƙaddarar Allah ta faru, tsirar yaran yau ma da ƙaddararsa ta faru, kuma a duka biyun akwai mutanen da za a iya nunawa da yatsa a ce su suka yi.

To me ya sa rage wahala ya zama wajibi, ba kyautatawa kawai ba? Turawa sun yi rubutu a kai. Karl Popper a 1945 ya ce aikin hukuma ya fi kyau ya zama rage wahalar da ake gani, maimakon alkawarin jin daɗin da ba a san ranar zuwansa ba. Peter Singer a 1972, lokacin bala'in Bengal ta Gabas, ya ce wanda zai iya hana mummunan abu ba tare da ya yi asarar wani abu mai kama da shi ba, kuma ya ƙi, ya yi laifi, ko mai wahalar yana kusa ko yana nesa. Mu ba baƙin wannan ba ne. Ƙa'idar malaman usulu ce cewa tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani, kuma cuta gusar da ita ake yi. Ceton wanda zai halaka farilla ce ta kifaya: idan wasu suka yi ta faɗi a kan kowa, idan kowa ya ƙi, duk garin ya ɗauki zunubi. Inda muka rabu da wasu daga cikinsu shi ne mu ba mu ɗauki wahala a matsayin abin da ba shi da wata ma'ana ba, kuma ba mu yarda a kawar da wahala ta hanyar kawar da mai shan ta ba.

A nan ne wani zai ce: ai ciwo kaffara ne, talauci jarrabawa ce, mai haƙuri yana da lada. Gaskiya ne. Amma ladan haƙuri na wanda abin ya sama ne, shi da Ubangijinsa. Kai da kake tsaye a gefe da mota a ƙofar gida, maƙwabciyarka tana naƙuda tun jiya, jarrabawarka daban ce, kuma ba haƙuri aka tambaye ka ba. Ba a taɓa jin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya bar mayunwaci da yunwarsa don ladansa ya ƙaru ba. Ya yi umarni da neman magani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da duk nauyin mulki da yaƙi, ya zauna ya rubuta littattafai a kan magunguna. Mace da ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki, ta ƙare da yoyon fitsari ko ta rasu, sau da yawa abin da ya tsaya tsakaninta da asibiti izinin miji ne da ba ya gari, ko kuɗin mota, ko wata tsohuwa da ta ce a ƙara jira. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai mai shi.

Har dabbobi suna da haƙƙi a wannan babi. An ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Kowane mako ana loda shanu daga kara zuwa Kudu, tafiyar kwanaki, a cunkushe, an ɗaure ƙaho, wata ta faɗi a tattake ta. A saman su kuma samari ne zaune a kan katako, idan tirela ta faɗi su ne farkon mutuwa. Dillali da mai mota da shugabannin kasuwa suna iya sa iyaka ga lodi, su sa a tsaya a shayar. Wannan ba ya bukatar wata doka daga Abuja.

Mai girma Dagaci, ga roƙona a gare ka da masu unguwanni, kuma na zaɓi abubuwan da ke hannun Kausani ne, ban da wanda sai an jira gwamnati. Kowace unguwa ta san masu mota da masu babur mai ƙafa uku. A rubuta sunayensu, a yi musu jeri na kwana-kwana, a tara ɗan asusun mai daga zakka da sadakar Juma'a, yadda duk matar da naƙuda ta kama da dare za a san ƙofar da za a buga. Magidanta su bar izini a gida tun kafin su yi tafiya, su faɗa a gaban iyayensu mata cewa idan abu ya taso a tafi asibiti kada a jira su. Zakkar hatsi idan an fitar da kaka, a ware wani kaso a rumbu ɗaya har zuwa tsakiyar damina, lokacin da abinci ke yankewa yara su fara ramewa. Duk mai shirin tura yaro ƙarami karatu wani gari, mai unguwa ya zauna da shi ya tambaye shi wa zai ciyar da yaron, a ina zai kwana. Masu zuwa fito ko ɗibar yashi a kogin Wudil, da iyayen yaran da ke zuwa wanka idan ruwa ya kawo, a haɗa su da sarkin ruwa a tsayar da adadin da jirgi zai ɗauka, a nemi rigunan da ke hana nutsewa.

Ku kuma malamanmu, idan an yi rashi irin wanda sakaci ya jawo, ku yi wa masu makoki nasiha da ƙaddara kamar yadda kuka saba, su sami sanyi. Bayan an share makoki, a sake zama na biyu a ƙofar Dagaci, da liman a wurin, a tambaya: wa ya sani, wa yake da iko, me ya hana shi, me za a canza kafin wani watan. A rubuta amsar a ajiye, a karanta ta a zama na gaba.

Na ga hannaye sun fara tashi daga ɓangaren ɗalibai. Mai gabatarwa, a fara ba iyayenmu mata dama tukuna, domin maganar naƙuda da ta yara su suka fi mu sanin inda take tsayawa.